Wa Ke Tambayar Katin Yaro? Fashin Baƙi Kan Likitocin Yara da Rigakafi

Shekarun baya na yi jinyar ɗan ƙanwata a wani babban asibiti, kwana shida muna ɗakin yara. Namoniya ce ta kama shi yana wata goma sha ɗaya, numfashi sama-sama, haƙarƙari yana lotsawa. Likitocin sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu da alheri. Kullum da safe babban likitan yara zai zagayo, ayarin ƙananan likitoci da ɗalibai na biye da shi, ya saurari ƙirji, ya duba takardar magani, ya tambaya ko yaro ya kama nono, ko zazzaɓi ya sauka. A kwana shidan nan babu abin da ba a tambaye mu ba, har da ko da itace ake girki a gida. Abu ɗaya ne ya tsira: katin rigakafi. Katin kuwa yana cikin jakar uwar, a naɗe cikin leda. Da an buɗe shi, da an ga gurbin allurar wata tara wayam. Ranar da ta fara kai shi ƙaramin asibitin unguwa, an ce mata ta dawo wani satin, yara ba su taru ba. Da ta koma yana mura, aka ce sai ya warke. Daga nan ta shashantar da zancen.

Aka sallame mu, muka wuce ta ƙofar ɗakin rigakafi na wannan babban asibitin, taku kaɗan daga inda muka kwana shida, muka tari adaidaita sahu. Wata uku bayan haka, da zafi ya kankama, ƙyanda ta kwantar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma sai da ya rame kamar ba shi ba.

Duk lokacin da na ji ana maganar haɗa hannu da likitocin yara domin ƙarfafa rigakafi a ƙasashe masu tasowa, wannan katin na cikin leda nake tunawa. Wani zai ce me ya haɗa babban likita da rigakafi, aikin da malamar asibitin sha-ka-tafi take yi a ƙauye da akwatin ƙanƙararta? Yana da gaskiya ta wani ɓangaren. A Najeriya rigakafin yau da kullum yana hannun Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa da takwarorinta na jihohi, kuma ma'aikatan ƙananan asibitoci ne ke tsira allurar. Likitocin yara kuwa ba su da yawa. Kafin a kira mutum ƙwararren likitan yara sai ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar sanin makamar aiki, ya yi bautar ƙasa, sannan ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida yana koyon yara zalla. Waɗanda suka kai ƙarshen wannan doguwar hanya galibi suna tattare a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, da na Shika, da na Sakkwato da Maiduguri, wasu kuma sun tsallaka Saudiyya da Ingila. Wanda ya ce su za su riƙa bin gida-gida da allura ya ɗauko Dala ba gammo.

Amfaninsu yana wuraren da igiyar ke tsinkewa, kuma wuraren sanannu ne.

Kafin na shiga nan, bari na ɗan koma baya, domin dabarar da duniya ke ta yi wa taro yau, a ƙasar nan aka gwada ta tun kafin a haifi yawancinmu. A 1956 wani likitan yara ɗan Ingila mai suna David Morley ya zo aiki asibitin mishan na Ilesha a ƙasar Yarabawa. Ya lura yaran da ake kawo masa a galabaice, abin da ke kashe su abu ne da za a iya tarewa tun daga gida: ƙyanda, tarin shiƙa, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, tamowa. Sai ya tsara asibitin 'yan ƙasa da shekara biyar, ya gwada shi a wani ƙauye, Imesi-Ile. Nas-nas da ungozomomi ne ke awon nauyi, su ba da magani, su yi rigakafi, duk a zama ɗaya, shi kuma yana koyar da su yana karɓar masu tsanani. Katin nan mai zanen layin nauyi wanda uwa ke ajiyewa a gida, daga wannan aikin ya fito ya bazu duniya, kuma a can aka yi wasu daga cikin gwaje-gwajen farko na allurar ƙyanda a Afirka a farkon shekarun 1960. Likita ɗaya ne, amma hannuwan da ya koyar sun kai inda nasa ba zai kai ba.

Na biyu shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya yi aiki a Legas, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. Ya ɗauki sanarwar Alma-Ata ta 1978 da gaske, wadda ta ce ginshiƙin lafiya shi ne ƙaramin asibitin da ke kusa da talaka. Ya fara da ƙananan hukumomi 52 a matsayin gwaji, sannan aka faɗaɗa. Zuwa 1990 alƙaluman gwamnati na lokacin sun nuna wajen kashi 80 cikin ɗari na yara suna samun rigakafi. Bayan tafiyarsa tallafin waje ya ja baya, ƙananan hukumomi suka kasa riƙe kayan, abin ya zube. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari ne kacal na yara 'yan wata 12 zuwa 23 suka kammala alluran farko. A Anambra kashi 76 ne, a Sakkwato kashi 5. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2023 ya ce yaran Najeriya sama da miliyan biyu ba a yi musu ko allurar farko ta cinya ba, kuma babu ƙasar da ta kai mu yawan irin waɗannan yara.

To, ina igiyar ke tsinkewa? Sai an dubi jadawalin da idon uwa. Ranar haihuwa akwai allurar tarin fuka mai barin tabo a hannu, da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna. Ta hantar an fi son ta cikin awa 24 na farko, domin uwa mai ɗauke da cutar tana iya shafa wa jariri wajen haihuwa. A yankinmu kuwa mafi yawan haihuwa a ɗaki ake yin ta, a hannun ungozoma, mai jego kuma ba ta leƙa waje. Sati shida, wato daidai gama arba'in, sai allurar cinya mai haɗe da cututtuka biyar: mashaƙo, tarin shiƙa, sarƙewar haƙora, ciwon hanta, da wata ƙwayar cuta mai jawo sanƙarau da namoniya. Wannan ta shigo jadawalin Najeriya a 2012. Tare da ita akwai ta namoniya, wadda aka fara a 2014, da ɗigon gudawa da aka ƙara a 2022. A dawo a sati goma, a sake dawowa a sati goma sha huɗu. Daga nan shiru sai wata tara, ranar ƙyanda da shawara da sanƙarau. Sai wata goma sha biyar, ƙyanda ta biyu.

Zuwa shida ke nan. Kowane zuwa yana da kuɗin mota, da izinin maigida, da yinin sana'a da aka bari. Ga kuma al'adarmu ta tafiya wanka gida: yarinya ta haihu a garin iyayenta, an buɗe mata kati a can, bayan arba'in ta koma garin miji, inda malamar asibiti ba ta san da zamanta ba. Amma babban ramin shi ne tsakanin sati goma sha huɗu da wata tara. Fiye da wata biyar ne babu allurar da ke tuna wa uwa asibiti. Ba don a wahalar da ita aka ja lokacin ba: jariri yana zuwa duniya da kariyar da ya samu daga jinin uwarsa, kuma wannan kariyar tana iya hana allurar ƙyanda kamawa idan aka yi ta da wuri, shi ya sa ake jira ta ragu. A cikin wannan ramin ne yara ke ɓacewa. Kuma a daidai wannan shekarun ne suke yawan rashin lafiya, wato a lokacin ne likita ya fi ganinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da suna ga abin da ya faru da ɗan ƙanwata, tana kiran sa damar rigakafi da ta kuɓuce: yaro ya shigo asibiti da ƙafar uwarsa, ana bin sa allura, babu wani dalilin hana shi, kuma ya fita ba a yi masa ba. Wannan yaron ba sai an hau babur an neme shi a ruga ba, ba sai an roƙi mai unguwa ya lallashi ubansa ba. Ya zo da kansa. A ganina, kafin a kashe miliyoyi wajen neman waɗanda ba sa zuwa, ya kamata a daina zubar da waɗanda suka zo.

Dalilin da ya sa aka ce wa ƙanwata yara ba su taru ba, a cikin kwalba yake. Allurar ƙyanda gari ce, sai an haɗa ta da ruwanta, kuma kwalbar da aka fi amfani da ita ta yara goma ce. Da zarar an haɗa, awa shida take da shi, abin da ya rage sai zubarwa. Ta tarin fuka ma haka, ita ta yara ashirin ce. Ƙa'ida ta ce a buɗe ko don yaro ɗaya ne, domin asarar ragowar kwalba ta fi sauƙi a kan asarar yaro. Amma malamar da ta san za a tuhume ta da ɓarna a ƙarshen wata, ko ta san in kwalbar ta ƙare sai Allah ya kawo wata, dole ta yi tattali. Sai ta tara yara, uwa kuma ba ta dawowa.

Na biyun, wato “sai ya warke”, shi ne inda likitan yara ya fi kowa tasiri. A ilimin likitanci, mura, tari, gudawa marar tsanani, ɗan ɗumin jiki, shan maganin ƙwayoyin cuta, tamowa, ko kasancewar jariri bakwaini, babu ɗaya da ke hana rigakafi. Yaro mai tamowa ma ya fi kowa buƙatar allurar ƙyanda, domin shi ta fi kashewa. Abubuwan da ke hanawa 'yan kaɗan ne, kamar yaron da jikinsa ya taɓa yin mummunan bore ga allurar a baya, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai idan allurar mai rayayyar ƙwayar cuta ce, ko wanda ciwo ya kwantar da shi ƙwarai, shi ma jinkirtawa ake yi zuwa ranar sallama. Malamar asibiti ta karanta wannan a makaranta. Abin da ke hana ta aiki da shi tsoro ne. A garin take zaune, a kasuwar take cefane. Idan ta yi wa yaro mai zazzaɓi allura yau, jibi cizon sauro ya tafi da shi, ba wanda zai ce cizon sauro, kowa cewa zai yi allurar Malama ce. Kuma ba tsoron banza ba ne: a Fabrairun 2013 'yan bindiga sun harbe ma'aikatan rigakafin shan inna tara a Kano.

Abin da take buƙata shi ne wanda zai tsaya mata. 'Yar takarda daga hannun likitan da ya yi jinyar yaron, “ya samu sauƙi, a yi masa ta ƙyanda yau”, tana sauke mata wannan nauyin. In uba ya zo da faɗa, tana da amsa: Likita ne ya rubuta. Idan babban likitan yara ya mai da tambayar kati al'adarsa a zagayen safe, ɗaliban da ke bayansa za su ɗauka, kuma su ne gobe za a tura manyan asibitocin ƙananan hukumomi. Abin da babba ke tambaya kullum, shi ƙarami ke shiryawa tun da asuba.

Sai ranar da wani abu ya faru. Allurar cinya takan sa zazzaɓi da kumburi na kwana ɗaya ko biyu, wannan sananne ne. Idan ba a gaya wa uwa tun a wurin ba, da daddare maigida zai ce, “Kin ɗauki yaro lafiya lau kin dawo mini da shi ba lafiya, kada ki sake.” Shi ke nan an rasa allura ta biyu da ta uku saboda jimla uku da ba a faɗa ba. Wanda ya fi wannan nauyi shi ne idan yaro ya rasu ko ya yi jijjiga kwana kaɗan bayan allura. Watannin rigakafi su ne watannin da jarirai suka fi mutuwa daga wasu cututtukan, don haka dole wani lokaci abu biyun su haɗu a sati ɗaya ba tare da ɗaya ya jawo ɗaya ba. Wani lokacin kuma laifin yana wajen aikin: an haɗa da ruwan da ba nata ba, ko an bar kwalba ta wuce awanninta. Wa zai duba yaron, ya bi tarihin ciwon, ya rarrabe? Aikin likitan yara ne, shi ya sa ake sa su cikin kwamitocin binciken irin waɗannan larurori.

Abin da ya faru a Samowa, wata 'yar ƙasa a tekun Fasifik mai mutane wajen dubu 200, ya isa misali. A Yulin 2018 jarirai biyu suka mutu mintuna kaɗan bayan allurar ƙyanda. Bincike ya gano nas-nas ne suka haɗa garin allurar da wani maganin saki jijiya da ya lalace maimakon ruwanta. Allurar kanta ba ta da laifi. Amma gwamnati ta dakatar da rigakafin ƙyanda na watanni, jita-jita ta cika gurbin, iyaye suka janye. A ƙarshen 2019 ƙyanda ta shiga ta kashe mutum 83, mafi yawansu 'yan ƙasa da shekara biyar.

A nan dole na taka burki, domin masu tallan wannan haɗin gwiwa suna yawan cewa jama'a sun yarda da likita, a tura likita ya yi magana kowa zai miƙa ɗansa. Mu a Arewa mun san abin bai kai haka sauƙi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Ba rigakafi ba ne, magani ne, amma masu farar riga ne suka yi, kuma tabon bai goge ba. Da aka zo 2003, wanda ya fi kowa ɗaga murya cewa ɗigon shan inna yana ɗauke da abin hana haihuwa, wato marigayi Dakta Datti Ahmad, shi ma likita ne, kuma wannan ne ya ƙara wa maganar nauyi. Kano ta dakatar da ɗigon har zuwa Yulin 2004, lokacin da aka dawo da shi da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Sanadiyyar haka cutar ta tsallaka ƙasashe wajen 20, daga baya har Yaman da Indonesiyar kanta.

Abin da ya gyara lamarin daga baya taron dangi ne: sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, malamai, masu unguwanni, matan unguwa masu shiga gida-gida, da waɗanda shan inna ta nakasa suka fito suna nuna ƙafafunsu. Shi likita ɗaya ne kawai daga cikin 'yan wannan taron dangin. Rawarsa ita ce ya ba su amsar gaskiya da za su iya maimaitawa ba tare da an ƙaryata su gobe ba.

Ga misalin tambayar da har yau ake yi a majalisa: an ce a Agustan 2020 an tabbatar Afirka ta rabu da shan inna, to ɗigon me ake ta bin mu da shi? Amsar tana da ɗan ɗaci. Ɗigon yana ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta da aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yana fitar da ita a kashi. A garin da kusan kowane yaro ke da kariya, nan take mutuwa. A garin da yara da yawa ba su da kariya, tana iya yin watanni tana yawo daga ciki zuwa ciki, har ta rikiɗa ta dawo da ƙarfin shanye ƙafa. Wannan nau'in ne ake fama da shi yanzu, kuma ƙarancin rigakafi ne ke haifar da shi. Yarinyar da aka ɗauka aikin ɗigon gida-gida na kwana huɗu ba za ta iya wannan bayanin a ƙofar gida ba. Likitan yara zai iya, da Hausa, a gidan rediyo, kuma gara a ji daga bakinsa da a tsinta a WhatsApp an murɗe ta. Ɗaya tambayar kuwa, me ya sa ɗigo kyauta har gida amma maganin zazzaɓi sai da kuɗi, ba ta likitanci ba ce, ta adalci ce, kuma likitan da ke ganin iyaye suna sayar da akuya don sayen jini ya fi kowa cancantar ya kai ta gaban gwamna.

Akwai kuma aikin ido. Ɗakin yara shi ne inda gazawar rigakafi ke fara bayyana. Da mashaƙo ya ɓarke a ƙarshen 2022, Kano ce cibiyarsa, ya kuma taɓa Yobe, Katsina, Bauchi, Borno, ya bayyana a yankin Matamaye na jihar Damagaram a Nijar. Ya kashe sama da mutum 1,000 a Najeriya, galibi yaran da ba a yi wa allurar cinya ba. Cuta ce da ƙananan likitoci da yawa ba su taɓa gani ba sai a littafi: wuya ya kumbura, wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a maƙogwaro tana toshe numfashi. Tsakanin yaron farko da aka ɗauka ciwon maƙogwaro ne kawai da ranar da aka sanar da hukuma, nan annoba ke samun gindin zama. Haka ma shan inna: duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafa ko hannu ya saki kwatsam, ana so a kai rahoto, a ɗauki kashinsa sau biyu cikin kwana 14, a aika ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Fom ne mai cin lokaci, likita kuma ga layi. Amma ba tare da shi ba, masu rabon allura a makance suke aiki.

Batun kuɗi ba zan daɗe a kai ba, ko da yake shi ne uwa uba. Kaso mai yawa na kuɗin sababbin alluranmu daga Gavi, asusun tallafa wa rigakafi na duniya, yake fitowa, wanda aka kafa a 2000, kuma an tsara Najeriya ta karɓi nauyinta gaba ɗaya zuwa 2028. A 2025 Amurka ta sanar da janye tallafinta ga asusun. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga lafiyar matakin farko, alƙawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001 kuma ya ce kashi 15 na kasafi ga lafiya, wanda gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Ma'aikacin hukuma ba zai fito ya ce uban gidansa bai saki kuɗin man kai allura ƙauye ba. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Najeriya, wadda ke nan tun 1968, tana da wannan bakin, kuma mambobinta ne ke duba 'ya'ya da jikokin masu sa hannu a kasafin.

Inda nake da ja da yadda ake gudanar da irin wannan haɗin gwiwa shi ne yawancinsa a ɗakin taron otal yake farawa, a can kuma yake ƙarewa. A tara manyan likitoci a Abuja kwana uku, a ɗauki hoto, a raba jaka, a rubuta wa mai ba da tallafi rahoto. Malamar da ke ƙauye ba ta san an yi ba. Sannan akwai batun kamfanonin magani da ke ɗaukar nauyin tarukan likitoci. A ƙasar da ta ga 1996, likitan da zai yi wa jama'a maganar rigakafi gara hannunsa ya zama a bayyane, a san wa ya biya masa kuɗin jirgi. Ga asibitocin kuɗi, inda likitocin yara da yawa ke aikin yamma: wasu suna yin rigakafi ba sa aika adadi ga ƙaramar hukuma, wasu firijinsu na kashewa da ɗaukewar wuta, alhali allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ta cinya daskarewa ma lalata ta take yi. Ƙungiyar likitocin ce kaɗai ke iya ja wa 'ya'yanta kunne a kan wannan su ji.

Da ni za a tambaya ma'aunin da za a gane haɗin gwiwar na aiki, ba zan nemi yawan taruka ba. Zan shiga ɗakin yara na ɗauki takardun sallama goma na ga a nawa aka rubuta matsayin rigakafin yaro. Zan tambayi malamar ƙaramin asibiti ko tana da lambar wani likitan yara da za ta kira idan yaro ya yi jijjiga bayan allura, kuma ko yana ɗauka. Zan duba ko ɗakin rigakafin babban asibiti yana buɗe kullum ko sai Talata da Alhamis. Zan kuma tambaya me ake yi da yaro ɗan shekara biyu ko uku da bai taɓa samun komai ba, domin tun 2023 aka ƙaddamar da shirin cike giɓi na duniya da ya ba da damar yi wa yara har zuwa shekara biyar, amma har yanzu akwai inda ake cewa uwa ya wuce lokaci.

Jadawalin ma ƙara tsawo yake yi. A Disambar 2024 aka fara allurar zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa, sau huɗu: wata biyar, wata shida, wata bakwai, da wata goma sha biyar. Ukun farko sun faɗa daidai cikin ramin nan na tsakanin sati goma sha huɗu da wata tara, wanda hakan zai iya riƙe uwa kusa da asibiti har ta kai ranar ƙyanda. Amma allura ce da ke rage tsananin cutar ba tare da ta kawar da ita ba, wato za a yi wa yaro ita kuma damina ta zo ya yi zazzaɓi. Uwarsa za ta kawo shi ɗakin yara da kati a jaka, ta ce, “Likita, ba an ce an yi masa rigakafin wannan ba?”